Bazazzage, Sauke Hannunka Mu Yi Lissafi

Bawana Bazazzage! Labari ya iske ni cewa tun da ka koma Zariya daga bikin da ka zo mana, ba ka da hira a majalisa sai ta sabis ɗin ƙasar Dambatta. Wai ka zo da waya mai 5G, ta kuɗi masu kauri, amma ka kwana kana zagaya rumbu da hannu a sama, harafin E ya kafe a goshin wayar ya ƙi gusawa, kana ta faɗin "wayana sabo ne fa". Mun ji. Malmalar tuwon dawa da miyar kukar da ka share ce kawai ba ka ba da labarinta ba.

Tunda boko ya yi muku yawa har ya danne lissafi, zauna Bakano ya koya maka. Wa ke shugabantar hukumar sadarwa ta NCC ranar da aka yi gwanjon lasisin 5G a Disambar 2021? Farfesa Umar Garba Dambatta. Sunan kaɗai ya ishe ka amsa. MTN da Mafab suka ci gwanjon, kowanne a kan dala miliyan 273.6. A 2022 MTN ya fara kunnawa a birane bakwai: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Owerri, Maiduguri da Kano. Sake karantawa a hankali, ko Allah zai sa ka ga Zariya.

Sai dai Kanon da ake nufi birni ne, gonakinmu ba sa ciki, kuma ban ga laifin kowa ba. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi, inda aljihu ke da nauyi zai fara neman uwar kuɗinsa. Ga kuma halin abin kansa. Zangon da aka sayar, na gigahaz 3.5, yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa, katangar soro mai kauri ma tana rage masa ƙarfi. Masu cin dogon zango su ne na ƙasa-ƙasa, daga megahaz 700 zuwa 900. Kafin a lulluɓe Dambatta da Makoɗa da Kunci da irin 5G ɗin da kake mafarki, sai an kafa turakun sabis bila adadin, kowanne da janaretansa da dizal da batura da maigadi. Har a ƙarshen 2024, alƙaluman NCC sun nuna layukan da ke kan 5G ba su kai 3 cikin 100 ba, alhali kusan 4 cikin 10 suna kan 2G. Kai ne baƙo a ƙasar nan. Mai raka-ni-kashi shi ne ɗan gida.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda kake ƙirga sandunan sabis. Ranar Lahadi a kasuwar Dambatta ka ga sun cika fal, ka yi murmushi, ka danna hoto ya yi ta juyawa har ka gama cin tsire. Sandunan nan suna faɗa maka cewa kana kusa da turke ne, ba su ce akwai rabonka a cikinsa ba. Turke kamar famfon burtsatse yake: da asuba, kai kaɗai, nan da nan bokiti ya cika; ranar kasuwa, dillalan shanu da masu POS da 'yan TikTok duk a baki ɗaya suke tara. In kuma bututun da ke shayar da famfon siriri ne, wato babu wayar faiba da ta iso turken, sai faranti yana miƙa wa faranti daga wani gari, to ko 10G aka rubuta a jikinsa ɗigo za ka samu. Gudun da kake gani a allon talla, na mutum ɗaya ne a gindin turken da ba kowa.

Mu abin da muke bin bashi daban ne, kuma a rubuce yake. Shirin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin Minista Isa Ali Pantami, ya yi alƙawarin megabit 25 a daƙiƙa a birni, 10 a karkara, giga ɗaya kuma kada ya wuce naira 390. Goma ɗin nan muke so, amma tsayayye, wanda ba ya ɗaukewa in hadari ya haɗo ko dizal ya ƙare. Da shi manomi zai ji farashin riɗi da gero a Dawanau kafin dillali ya karanta masa nasa, yaro ya duba sakamakon JAMB ba tare da ya biya kuɗin mota ba, uwa ta ga fuskar ɗanta da ke ci-rani a Legas. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mutum zai sayar da akuya ya tsaya riƙe da igiya yana jiran alat, ba zai tambaye ka G nawa ba ne. Abin da ya iso mu a kan kari shi ne ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100 da aka amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Shi kam bai nemi sai an hau tudu ba.

Kada kuma ka ce mana daji ne, ba riba. Wani Bature, Michael Mortimore, daga jami'arku ta Ahmadu Bello ya taso a shekarun 1960 ya zo ya auna ƙasar Kano, ya tarar gona na jingine da gona, gida na hango gida, ba saura ba fako, jama'a danƙam. Daga baya ma ya tattaro ya dawo Jami'ar Bayero, ka ga mai hankali. Inda mutane suka yi wannan yawa, turken 4G mai faiba da hasken rana zai ci da kansa. Shi ya sa kunnenmu ke kan maganar Minista Bosun Tijani ta shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000 da kafa turaku 7,000 a karkara. Mun saba jin lamba a rediyo. Ranar da muka ga ana haƙa rami a bakin titin Kunci, za mu kai wa leburori fura.

Kafin nan, in za ka sake zuwa, ari ƙaramar waya mai tocila wajen matarka, ka bar ta yayi a gida ta huta. Batun kuɗin shara kuwa, na san ka ƙosa, kuma ubangida ba ya hana bawansa hakkinsa. Na tura maka na bana ranar kasuwa da azahar, an kuma cire a wajena. In bai shigo ba, sai ka je banki ka cike fom, tunda ku dai akwai iya rubutu.