Dattijo da Bulala

A 1981 Harrison Ford ya fara ɗora hular Indiana Jones a ka, yana tsere wa ƙaton dutse mai gangarowa. A 2023 ya dawo da fim na biyar, Dial of Destiny, yana da shekara 80. Sa'o'insa suna gida suna cigiyar inda suka ajiye tabarau. Shi kuwa aka ce ya hau doki ya kutsa ramin jirgin ƙasa na New York. Kuma ya hau.

A farkon fim kwamfuta ta goge masa tamoji, ta mayar da shi jarumin 1944. Aiki ya yi kyau, sai dai an manta da maƙogwaro. Fuska ta ango, murya ta kakan ango.

Sai tseren a-daidaita-sahu a Tanja ta Maroko. Aka yi ta shan kwana, aka yi ta karo, har mai kallo ya fara duba agogo. Kuma ba wanda ya tsaya ɗaukar fasinja.

Daɗin fim ɗin yana inda aka bar tsoho ya yi tsufansa. Ya tashi barci a fusace, ya je ya buga ƙofar maƙwabta su rage kiɗa. Yana hawan dutse yana lissafa ciwon kafaɗa da ƙafa. Nan kam Ford ba ya buƙatar darakta. Mai kiɗan fim ɗin John Williams ma, da ya haura 90, kiɗansa bai rage ƙarfi ba.

Daga ƙarshe aka koma baya cikin tarihi, aka faɗa zamanin Archimedes, Baba ya ce shi a nan zai zauna. 'Yar abokinsa Helena ta kai masa naushi, ya suma, ta dawo da shi gida.

Ford ya ce wannan ne na ƙarshe. To, Baba, mun ji.