Yadda Ake Shaƙiyanci a Jos Ba a Kwana a Caji Ofis Ba

Mai son ƙwarewa a shaƙiyanci ya fara neman abokin wasansa, domin ba kowa ake tsokana ba. Magabata sun riga sun raba aikin: Bafulatani na da Babarbare, Bakano na da Bazazzagi, Bagobiri na da Bayarabe, jika na da kakarsa, taubasai kuwa har kuɗin shara suke karɓa ranar cika-ciki. Haƙar kuza ta tara yawancinsu a gari guda, don haka in ka shiga kasuwar Farin Gada da wuya ka rasa naka. Ka tare shi ido da ido, cikin jama'a, ka kira shi bawanka, ka ɗauki tumatir guda a kwandonsa a matsayin haraji. Sai ka tsaya. A nan sababbin shiga ke faɗuwa, su jefa magana su cika wandonsu da iska. Shaƙiyyin ƙwarai yakan jira a rama, in an kayar da shi ya yi dariya ya biya kuɗin shayi. Wanda kuwa ba shi da bakin rama maka, kamar almajiri ko yaron shagonka, duk abin da ka yi masa cin zali ne.

Wani zai ce garin da ya ga rikicin Satumbar 2001, da na 2008 da 2010, bai dace a taɓa sunan ƙabila a cikinsa ba ko da wasa. Tsoron nan ba na banza ba ne, shi ya sa addini da iyaye da waɗanda aka rasa a rikici ba sa shiga wasan ko kusa. Kada kuma ka kai shi Facebook, inda ba a ganin murmushinka, kuma dubban baƙi ke karanta abin da ka nufi mutum ɗaya da shi. Amma yin shiru bai taɓa gyara zumunci ba. Tun da unguwanni suka rabu, Musulmi nan Kirista can, zama benci guda ya ragu, jita-jita kuwa ta fi saurin kama wanda aka daina zama da shi. Nijar ta gane darajar wasan nan, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2014.

Don haka, malam, gobe ka nemi bawanka a kasuwa, kuma ka tafi da kuɗin shayin mutum biyu.