Allah Ya Ja Zamanin Yallaɓai Mai Windows 7

Ranka ya daɗe, a wannan zamani da kowa ke rawar jiki kan sabon abu, shugaba irinka sai an tona. An kawo wa ofis kwamfuta sabuwa dal, da Windows 11 a cikinta. Kana kunnawa ka ga maɓallin farawa ya bar kusurwar hagu ya dawo tsakiya, nan take ka gane duniya ta lalace. Da wani raggon shugaba ne, da yaron ofis zai kira ya mayar masa da maɓallin hagu cikin minti guda, tunda akwai wurin yin haka a saiti. Kai kuwa ba a san ka da rabin aiki ba. Ka sa aka kira mai gyara, aka share komai, aka ɗora Windows 7 daga wani faifan kasuwa da ba a san asalinsa ba. Mai gyara ya yi gumi, domin sabon ƙarfe ba ya jituwa da manhajar 2009, har yau ma sauti bai dawo ba. To me ofis zai yi da sauti? Da tsohuwar zuma ake magani.

Mahassada na cewa Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, wato duk kafar da 'yan kutse suka gano bayan nan ba mai toshe ta. Ai wannan shi ne daɗin abin. Mun huta da saƙon nan na rashin kunya da ke hana mutum kashe kwamfutarsa sai an gama sabuntawa. Chrome ma ya tsaya mana a lamba 109 tun farkon 2023, saboda haka idan wani shafi ya ƙi buɗewa, sai akawu ya ciro wayarsa ya yi aikin ofis da datarsa. Kowa ya koyi sadaukarwa.

Sukan kuma kawo zancen WannaCry, cutar nan da ta ɓarke ranar 12 ga Mayun 2017, ta yi garkuwa da fayiloli a ƙasashe sama da 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace kwamfuta. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kusan dubu 19, aka ƙiyasta asarar ta kai fam miliyan 92. Amma Yallaɓai, waɗannan ai 'yan koyo ne. Maganin ya fito tun watan Maris, sakacin wata biyu kacal suka yi, kuma akasarin kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ce a kansu, a lokacin ma tana da mai kula da ita. Kai shekaru ka tsallake, kuma da gangan. Ina za a haɗa?

Ga tattali. Gwamnatin Birtaniya, da ta kasa rabuwa da Windows XP a 2014, sai da ta biya Microsoft fam miliyan 5.5 don a ci gaba da yi mata faci na shekara guda. Rundunar sojan ruwan Amurka ta zuba wajen dala miliyan 9 a 2015. Kai ko kwabo ba ka kashe ba, ka dogara ga Allah ba tare da wahalar ɗaure raƙumi ba.

Abin da ya fi burge mu shi ne karamci. A cikin kwamfutar nan akwai jadawalin albashinmu, da lambobin asusunmu, da NIN, da takardun tsofaffin da ke jiran fansho. Kowace filas da ta zaga shagunan buga takardu tana shigowa ba sallama, ba mai tambayarta daga ina. Ranar da abin zai faru kuma mun san ba za ka bar mu cikin duhu ba: za a kafa kwamiti, kai ne shugaba, a gano cewa ɗan bautar ƙasa ne ya taɓa wani abu.

Ana raɗe-raɗin kana duba yiwuwar komawa XP, wadda aka sallama tun Afrilun 2014. Muna bayanka ɗari bisa ɗari. Alfarma ɗaya muke roƙo, a ba mu sanarwar mako guda mu kwafe takardun fanshonmu da biro.