Dakarun da Ke Isowa Bayan an Gama Yaƙi

Yaƙin basasar Amurka ya samu 'yan kallo tun bai yi nisa ba. Ranar 21 ga Yuli, 1861, da aka yi babban karon farko a Bull Run, kusa da garin Manassas na jihar Virginia, sanatoci da 'yan majalisa da masu hannu da shuni sun taso daga Washington a keken doki, da guzurin abinci, suka hau tudu don su ga yadda sojojin Tarayya za su yi wa 'yan awaren Kudu dukan kawo wuƙa. Kafin faɗuwar rana reshe ya juye da mujiya. Soja da ɗan kallo suka cakuɗe a hanya ɗaya, kowa na ta kansa, har 'yan aware suka cafke ɗan majalisa guda, Alfred Ely na New York, suka kai shi kurkuku a Richmond. Zuri'ar waɗannan 'yan kallo ba ta ƙare ba. Ta dai koyi jira sai ƙura ta lafa.

Babbar matattararsu a yau ita ce Gettysburg a jihar Pennsylvania, inda rundunar Janar George Meade ta Tarayya ta fafata da ta Janar Robert E. Lee daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863. Tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda aka kama ko suka ɓace, an yi asarar kimanin mutum 50,000. Filin yanzu yana ɗauke da duwatsun tunawa da gumaka da alluna sama da 1,300, ga igwa wajen 400 a girke a bakin hanya. Duk wanda ya taka wurin, ya leƙa filin yaƙin Antietam da ganuwar Sumter, kamar mai wannan rubutu, zai ga fuskoki ne kawai ke canzawa.

Akwai Mai Karanta Kowane Allo. Ba ya wuce dutse sai ya tsaya, hannu a goye a baya, leɓe na motsi. Kada Allah ya haɗa ka da shi a mota ɗaya idan aka nufi babban ginin tunawa na jihar Pennsylvania, wanda ke ɗauke da sunayen sojoji sama da 34,000, domin ba ya son ya yi wa kowa rashin adalci.

Akwai Mai Hawan Igwa, wanda bai san wa ya yi yaƙi da wa ba, kuma ba ya tambaya. Ya ɗora yara a kan bakin igwa, ya ɗauki hoto, ya nemi inda ake sayar da askirim.

Akwai Masu Neman Tabarruki. A tudun Little Round Top, a dutsen tunawa da runduna ta 140 ta New York, akwai fuskar Kanar Patrick O'Rorke ta tagulla. Duk fuskar ta yi duhu, hancin kaɗai ke ƙyalli, saboda maziyarta na shafa shi don neman sa'a. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa mai hancin harsashi ya kashe shi a wannan tudun ranar 2 ga Yuli, bai daɗe da isowa ba. 'Yan uwansu su ne masu ajiye biskitin karnuka a gaban gunkin Sallie, karyar runduna ta 11 ta Pennsylvania, wadda aka tarar a kwance kusa da raunanan rundunar bayan an tashi yaƙi. Waɗannan ba a jin haushinsu.

Sai Malamin Kofato. Ilminsa guda ne, kuma sai ya raba wa kowa: wai idan dokin gunki ya ɗaga ƙafa biyu, mahayin ya mutu a fagen fama, ƙafa ɗaya, an ji masa rauni, duka huɗu a ƙasa, ya tsira lafiya. Dokin Janar Reynolds ya gaskata shi, na Janar Hancock ma haka. Maganinsa a kai shi gaban gunkin Janar Longstreet da aka kafa a 1998, inda doki ya ɗaga ƙafa ɗaya alhali ko ƙwarzane mutumin bai samu ba a Gettysburg. Zai duba, ya sake dubawa, ya ce maƙerin ne bai san ƙa'ida ba.

Duk waɗannan yara ne a gaban Janar Da-Ni-Ne.

Shekarunsa sittin da 'yan kai, ya yi ritaya daga wani aikin ofis, kuma bai taɓa sa kaki ba. Ana gane shi tun daga wurin ajiye motoci: malafa mai faɗin baki, tabarau na hangen nesa a wuya, taswira a naɗe a hammata yana nuni da ita. Yana kiran janar-janar da sunayensu na yanka, sai ka ce tare suka yi firamare. Yakan ɗauki ja-gora mai lasisi, irin waɗanda tun 1915 gwamnati ke yi wa jarrabawa, jarrabawar da ta yi suna wajen kayar da mutane, ya biya kuɗin awa biyu, ba don ya ƙaru ba sai don ya samu wanda zai gyara wa zance.

Da an tsaya a tudun Cemetery Hill sai ya fara. Ai ranar farko ce aka yi kuskuren, in ji shi. Da Janar Ewell na rundunar Lee ya haura tudun nan da yamma, da an gama. Ja-gora ya ce, "Yallaɓai, mutanensa sun yini suna tafiya suna yaƙi, kuma umarnin Lee cewa ya yi a kama tudun in zai yiwu." Janar ya girgiza kai cikin tausayi. Da Stonewall Jackson na raye, ai ba sai an faɗa masa ba. Jackson kuwa, janar ɗin Kudu, ya rasu tun watan Mayu na shekarar, bayan sojojinsa sun harbe shi bisa kuskure a Chancellorsville, amma Janar yana faɗar sunan kamar rasuwa ce aka yi masa a gida makon jiya. Daga nan ya koma kan Janar Stuart na Kudu, wanda ya ɓace da mahayan dawakinsa bai iso ba sai rana ta biyu. Daga nan Longstreet, wanda ya ba da shawarar a zagaye Meade a shiga tsakaninsa da Washington. Wata rana Janar yana bayan Longstreet, wata rana yana zarginsa da jan ƙafa, ya danganta da littafin da ya kwana yana karantawa.

Uwargidansa tana cikin mota, ta kunna na'urar sanyi, tana cike wasan kalmomi a jarida. Ta ji wannan yaƙi an ci shi sau da yawa a kan teburin cin abinci, da cokula a matsayin rundunar Kudu.

Ƙarshen wasan a gindin gunkin jihar Virginia ake yin sa, inda Lee ke zaune a kan dokinsa Traveller yana duban filin da sojojin Kudu kimanin 12,500 suka ratsa ranar 3 ga Yuli, harin da ake kira da sunan Janar Pickett. Fili ne fetal, fiye da kilomita ɗaya, kuma wajen rabinsu ba su dawo lafiya ba. Janar ya ce matsalar saurin tafiya ce, kuma zai nuna. Ya tsuke igiyar takalmi, ya ɗauki gorar ruwa, ya faɗa cikin ciyawa. Ba bindiga a kafaɗarsa, ba rigar ulu a jikinsa, ba mai harbinsa. Kafin ya kai shingen katako na hanyar Emmitsburg, inda igwa da bindigogi suka yi wa mutanen Pickett ɓarna suna ƙoƙarin tsallakewa, malafar ta koma mafici, taswirar ta jiƙe da gumi. Ya dafa shinge, ya laluba waya. "Uwargida, zagayo da motar ta nan." Da ya sha iska ya dawo hayyacinsa, sai ya sanar da cewa yanzu ya tabbatar da safe ya kamata a kai harin.

Ɗan uwansa na jini shi ne Sojan Asabar da Lahadi, mai kwaikwayon yaƙi. Yana sa rigar ulu cikin zafin Yuli, ya kwana a tanti, ya ci busasshen biskiti mai karya haƙori. Ɗan jarida Tony Horwitz, a littafinsa na 1998, ya ba da labarin masu tsanani a cikinsu da ke jiƙa maɓallan tagulla a fitsari don su yi kalar tsufa, su kuma horar da kansu da yunwa don su rame kamar sojan Kudu. Saura kuwa tumbi ya hana ɗamara zama, alhali yawancin sojojin gaske samari ne da ba su kai talatin ba. Hukuma ba ta yarda a yi arangamar wasa a ainihin filin ba, don haka a gonakin mutane ake yi. Babbar matsalarsu mutuwa ce: wanda ya tuƙo mota ɗaruruwan kilomita ba ya son ya faɗi a minti biyar na farko, kuma idan faɗuwar ta zama dole, gawarwaki sukan taru a inuwa.

Mafaraucin Fatalwa da dare yake fita, da fitila da wata 'yar na'ura mai ƙyafta wuta. Gidan da harsashi ya ratsa ƙofa ya kashe Jennie Wade tana kwaɓa fulawa, 'yar shekara 20, farar hula ɗaya tilo da ta mutu a yaƙin Gettysburg, a wurinsa tasha ce kawai a hanyar neman tsoro. Ƙurar da ta hau madubin kyamararsa kuwa ruhin soja ce.

Mai Tsintuwa yana tafe kansa a sunkuye. Dokar 1979 ta haramta tono a irin waɗannan wurare, kuma a Fabrairun 2023 ma'aikata sun ci karo da harsashin igwa da bai fashe ba a Little Round Top, sai da aka kira sojoji suka tarwatsa shi. Amma sana'ar gado ce. Ranar 9 ga Afrilu, 1865, da Lee ya miƙa wuya ga Janar Grant a falon Wilmer McLean a Appomattox, hafsoshi sun yi awon gaba da tebura da kujerun mai gida.

Sai Malam Shi-Ke-Nan, wanda ya shiga jirgin fito daga Charleston, ya yi rabin awa a ruwa, ya sauka a ganuwar Sumter ya tarar da katangar da a da take hawa uku ta koma hawa ɗaya, ga baƙin ginin kankare na ƙarshen ƙarni na 19 a tsakiya. Idan aka gaya masa ruwan wutar awa 34 da ya buɗe yaƙin ranar 12 ga Afrilu, 1861 bai kashe kowa ba, sai a bikin sauke tuta ne igwa ta tashi da wani soja mai suna Daniel Hough, sai ya duba tikitinsa kamar an cuce shi.

Dukkansu ana iya zama da su. Wanda ba a iya zama da shi shi ne mai tsafta, mai taushin murya, wanda zai matso kusa da baƙo, musamman baƙon da ya ga fatarsa baƙa ce, ya ce masa cikin ladabi ai yaƙin nan ba a kan bauta aka yi shi ba, a kan 'yancin jihohi ne. Zai ma nuna dutsen da jihar South Carolina ta kafa a 1963, wanda ya ambaci 'yancin jihohi. Abin da ba zai nuna ba shi ne takardar ɓallewar da jihar ta rubuta da kanta a Disambar 1860, wadda kukanta shi ne jihohin Arewa sun ƙi mayar da bayin da suka gudu. Ba zai ambaci jawabin Alexander Stephens, mataimakin shugaban 'yan aware, na Maris 1861 ba, inda ya ce a kan bautar da baƙar fata aka aza harsashin sabuwar gwamnatinsu. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan huɗu. Rundunar Lee da ta shigo Pennsylvania ta kama baƙaƙen fata, har da waɗanda aka haifa 'yantattu, ta kora su Kudu. A daidai inda harin Pickett ya ƙare akwai wani ɗan ƙaramin farin gida na Abraham Brian, baƙin manomi mai 'yanci, wanda ya kwashe iyalinsa ya gudu don kada a kama su. Ya dawo ya tarar da gona a lalace, ya nemi diyyar dala 1,028, aka ba shi 15. Mai taushin muryar yana wuce gidan nan kullum ba ya rage tafiya. Janar Da-Ni-Ne yana ɓata wa mutum yini ne kawai. Wannan kuwa yana neman share mutum miliyan huɗu daga labarin da su ne sanadinsa, kuma yana so a gode masa.

Saura guda, Mai Neman Ɗan Gida. Ya taso daga nesa, kuma ba ya samun natsuwa sai ya gano inda ƙasarsu ta shiga zancen. Ya kuwa gano: Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Amurkawa suka sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, ɗan Barka Gana, sarkin yaƙi a zamanin Shehu al-Kanemi. An kama shi yana yaro, aka ratsa Sahara da shi aka sayar, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha, ya iso Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙaƙen fata, wadda aka tura yankin Charleston. Tun daga ranar da Mai Neman Ɗan Gida ya ji wannan labari, ba wanda ya sake zama kusa da shi a jirgin fito ya tashi lafiya. Wasu sun ce an ga mai wannan rubutu a bakin jirgin Sumter yana nuna tsibiran da hannu, yana zana taswirar tafkin Chadi a bayan tikiti, mutane na sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Mutum guda ne ya saurare shi har ƙarshe, wani dattijo mai malafa da tabarau a wuya, wanda ya jira ya kai aya, sannan ya warware taswirarsa ya fara bayanin yadda da shi ne da an ci Charleston cikin mako guda.