Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Jinkiri, Mazaunin Tsakanin Yatsa da Allo

Zuwa ga Mai Girma Jinkiri,
Sarkin Nawa, Magajin Ihu Bayan Hari.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinsa, tare da fatan za ta iske shi a lokacin da ya ga dama kamar yadda ya saba, mai wannan takarda yana neman izinin shigar da ƙara game da ɓarnar da Mai Girma yake yi a fagen wasan bidiyo na kiɗa. Abin da ake nufi da wasan kiɗa shi ne wasan da ake sakin waƙa a cikinsa, alamomi su riƙa gangarowa a kan allo, mai wasa kuwa ya danna maɓalli daidai lokacin da kowace alama ta iso kan layinta, na'ura tana auna masa ko ya dace, ko ya yi gaggawa, ko ya makara. Babu dodon da ake kashewa, babu ƙwallon da ake jefawa a raga. Dukiyar wannan wasa kaf lokaci ce, shi ya sa duk wanda ya taɓa lokaci a cikinsa ya taɓa komai.

Musabbabin takardar bai wuce abin da ya faru daren jiya ba. Mai ƙara ya shafe makonni uku yana bitar wata waƙa mai bugu 600 a na'urarsa ta tafi-da-gidanka, har ya kai yana iya kammala ta da cikakkiyar sarƙa, wato ya jera bugun duka ba tare da ko ɗaya ya kuɓuce ba, sannan ya tara ƙannensa da wani aminin da ya daɗe yana musun gwanintarsa, ya jona wasan da talabijin ta bango domin kowa ya shaida. Sarƙar ta tsinke a bugu na 11. Ta sake tsinkewa a na 26, daga nan kuma lissafi ya daina amfani, domin ƙaramar ƙanwarsa, wadda ba ta kai shekara tara ba, ta tambaye shi cikin ladabi ko yana so ta gwada masa.

Ya kamata Mai Girma ya tuna cewa ba da shi aka kafa wannan gida ba. Lokacin da Masaya Matsuura ya fito da PaRappa the Rapper a Japan a shekarar 1996, da lokacin da kamfanin Konami ya biyo da Beatmania a 1997 da Dance Dance Revolution a 1998, har zuwa gangar Taiko no Tatsujin ta 2001, allon da ake wasa da shi tsohuwar talabijin ce mai ƙaton baya, wadda take zana hoto layi bayan layi a daidai lokacin da saƙon yake shigowa, ba ta da ɗakin da za ta ajiye baƙo ya huta. Da shafaffun talabijin suka zo ne Mai Girma ya samu masauki, saboda kowace daga cikinsu sai ta karɓi hoto, ta daidaita girmansa, ta gyara launinsa, ta yi masa kwalliya, wani lokaci ma ta ƙirƙiro hotunan da ba a aiko mata ba don motsi ya yi santsi, kafin ta yarda ta nuna wa mai kallo. Ga mai kallon fim wannan hidima ce. Ga mai wasan kiɗa kuwa kamar a aiki yaro da saƙon gobara ne ya tsaya yin wanka da shafa mai.

Tun da Mai Girma ya saba fakewa da cewa shi ɗan kaɗan ne, ido ma ba ya ganinsa, bari a yi lissafi a bainar jama'a. Ma'aunin wannan fage shi ne milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Yawancin waɗannan wasanni suna nuna hotuna 60 a kowace daƙiƙa, ke nan hoto ɗaya bai cika milisakan 17 ba, kuma tazarar da ake ba mai wasa domin a ce bugunsa ya yi daidai ba ta wuce 'yan gomiyoyin milisakan. Waƙar da take da bugu 180 a minti tana da uku a kowace daƙiƙa, idan kuma aka raba kowane bugu gida huɗu, kamar yadda ake yi a wuraren da kiɗa ya yi zafi, tsakanin alama da alama milisakan 83 ne kacal. To, akwai talabijin da take riƙe hoto na milisakan 80, wata ma ta haura 100, idan ba a sa ta a yanayin wasa ba, wato tsarin da yake hana ta yawan kwalliya. Ma'anar wannan ita ce mai wasa yana iya bugun abin da idonsa ya gani daidai, alhali a wurin na'ura alamar ta riga ta wuce, tuni ma ta bayanta ta iso. Na'urar sauraro ta kunne marar waya kuwa, wadda a wurinta riƙe sauti fiye da milisakan 150 ba abin kunya ba ne, wannan ba wakiliyar Mai Girma ba ce kawai, uwargidansa ce. Hatta iskar ɗaki tana karɓar nata kason, domin sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wanda ya zauna mita uku daga lasifika ya ba da kusan milisakan tara, sai dai ita iska an san haƙƙinta tun fil'azal, ba ta ƙari ba ta ragi.

Masu ƙera wasanni sun yi ƙoƙarin sulhu, suka tanadi shafin daidaitawa, inda ake sa mai wasa ya bi wani bugu mai sauƙi sau da yawa domin na'ura ta auna girman Mai Girma a wannan gida, sannan ta matsar da hukuncinta gwargwadon haka. Wannan dabara tana gyara rabin matsala ne kawai, kuma rabin da ya rage shi ne mai ciwo. Na'ura tana iya matsar da waƙa da alamomi gaba ko baya saboda ta san su tun kafin a fara, amma ƙarar da bugun mai wasa yake fitarwa ba za ta iya sakinta kafin ya danna ba, tun da ba ta san gaibu ba, don haka ƙarar dole ta bi ta hannun Mai Girma, ta iso a makare. Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗin kalangu ya san cewa kunne ne yake yi wa hannu jagora, makaɗin da zai doki fata yanzu ya ji amonta an jima kuwa, ko jikan sarkin makaɗa ne, sai ya rikice. Shawarar da aka saba ba mai wasa a nan ita ce ya kashe ƙarar bugunsa gaba ɗaya, wato ya yi kiɗa bisa sharaɗin kada ya ji abin da yake kaɗawa.

A ajiye sarauta a gefe. Jinkiri ɓarawo ne, kuma mafi munin ɓarayi, irin wanda yake yin sata sannan ya shiga sahun masu neman kaya yana nuna mai gida da yatsa. Da a ce allo zai rubuta cewa talabijin ta makara, da an yi haƙuri, amma abin da yake rubutawa da manyan haruffa a gaban ƙanne da amini shi ne mai wasa ya kuskure. Mutum ya zargi yatsansa, ya zargi shekarunsa, ya zargi tuwon da ya ci da dare, ya fara tunanin ko dama can bai taɓa iya komai ba, shi kuwa mai laifin yana kwance cikin waya bai ko yi tari ba. Hausawa sun ce wani jinkirin alheri ne, amma wanda ya fara faɗin haka bai taɓa neman cikakkiyar sarƙa ba.

Akwai sauran masu laifi, irin su wutar da ake ɗaukewa a tsakiyar amshi, da batirin da yake mutuwa saura bugu goma, da waƙoƙin da ake sayarwa daban bayan an riga an sayi wasa, amma waɗannan duk a fili suke aikinsu, kowa yana ganinsu, a iya tsine musu da suna a huce.

Abin da ya sa aka ɗauki alƙalami tun kafin gari ya waye shi ne abin da ya biyo bayan tashin baƙi. Mai ƙara ya zauna shi kaɗai har ƙarfe biyu yana koya wa yatsansa riga malam masallaci, wato ya danna kafin alama ta iso, har ya fara samun sarƙa ta ɗari da wani abu a talabijin, da asuba kuma ya koma na'urarsa ta hannu, wadda allonta da lasifikarta a jikinta suke, masu ƙera wasa sun san halinsu, domin ya rarrashi zuciyarsa da waƙar da ya haddace. Nan ma ta ce ya kuskure, wannan karon don ya yi gaggawa. Hannun da aka yi makonni uku ana tarbiyyarsa ya lalace a dare ɗaya, bai zauna a can ba, bai dawo nan ba.

Saboda haka ake sanar da wanda aka rubuta wa takardar cewa an shiga ɗakin ajiya, an ɗage buhunan masara, an fito da tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, wadda sai da mutum biyu suka ciccibe ta. Sai dai an tarar ba ta da kafar da wayar na'urar zamani za ta shiga, dole sai an sayo wani ƙaramin akwati mai juya saƙo daga sabon tsari zuwa tsoho, kuma irin wannan akwati shi ma yakan riƙe hoto na ɗan lokaci kafin ya miƙa. Ana roƙon a bayyana ko shi ma ɗan gidan ne, kafin a kashe kuɗin mota zuwa kasuwa.

Wassalam,
Daga wanda ƙanwarsa ta kai bugu na 40.