Ai Mun Gada

Tun da nake a Samaru ban taɓa haɗuwa da namijin da ya buɗi baki ya ce bai iya hawan doki ba. Za ka sami wanda zai amsa bai iya tuƙin mota ba, ko bai iya lissafi ba, har wanda zai yarda cewa matarsa ta fi shi hankali ma akan samu jifa-jifa. Amma da zarar an ambaci doki a majalisa, sai ka ga kowa ya gyara zama, ya turo hula gaban goshi, ya ce, "Ai mu mun gada." Kakan kowa barde ne. In aka tara kakannin da ake cewa sun raka Sarauniya Amina yaƙi, sai mutum ya rasa wanda ya tsaya gida ya noma dawar da dawakin suka ci.

Abin dariyar shi ne, mu mutanen Samaru da Sabon Gari duk a bayan ganuwa muke. Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi, tun da layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911. Samaru kuwa gonar gwaji ce ta raya ta, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 ta cika ta da littattafai da masu tabarau. Da yawanmu kakanninmu a taragon jirgi suka iso, wasu a bayan akori-kura, suna rungume da tabarma da buta. Abin hawan da muka gada na haƙiƙa shi ne keken Raleigh. Iyakar ilminmu na doki shi ne ran Hawan Sallah ko Hawan Bariki ko Hawan Daushe mu shiga mota mu sauka wajen Ƙofar Doka, mu sami inuwa mu laɓe, muna tsotsar rake muna yanke hukunci: "Wancan bai iya zama a sirdi ba. Wancan ya cika jan linzami." Dokin mai baki ai dama ya fi gudu.

Da a nan abin ya tsaya da asirin kowa ya rufu. Sai ga hawan angwanci ya zama yayi. Yanzu ango bai cika ango ba sai an gan shi bisa doki da rawani, abokai na biye, mai hoto na gudu da baya-baya. Yaron da ragon layya ke ja a ƙasa ran Sallah, shi ne za a ɗora bisa ingarma don a sami abin sawa a TikTok.

Ni ma na ci nawa rabon. Shekara goma sha ina cika baki a zauren surukaina da ke Sabon Gari. Na sha gaya musu yadda ake zamiya, da yadda ake gane akawal da kili da danda tun daga nesa. Rannan sai ƙanen matata, wanda aurensa ya matso, ya same ni har gida yana murmushin mugunta.

"Yaya, an sa ranar hawa. Kai ne a gaba, tunda kai ka gada."

Na ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne." Bayan ya fita uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ni dai tun da aka kawo ni gidan nan ko jaki ban ga ka hau ba." Na ce mata mata ba su san sirrin maza ba. Ta ce to Allah Ya tsare, ta koma ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

A nan ne bambancin mutumin Samaru da na Sabon Gari ya fito. Mu a Samaru in abu ya ba mu tsoro, karatu muke yi a kansa. Kwana uku ina kan intanet, na kalli Turawa suna hawa, na kalli Larabawa suna hawa, na cika takarda biyu da bayanai. Har wani abokina likitan dabbobi na tare a bakin masallaci, na ce wani ɗalibina ne ke son sanin ko doki na cizo. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka gaya wa ɗalibin naka yana yi, kuma yana harbi."

Shi kuwa mutumin Sabon Gari ba ruwansa da takarda. Kawun ango, wani Alhaji mai shagon atamfa a kasuwa, ya yi imani babu tsoron da kuɗi ba sa magani. Ya ɗinka sabuwar babbar riga, ya sayi takalmin hawa har gwiwa, ya ɗaura kaimi, ya aika wa mai dawaki cewa a ware masa dokin da ya fi kowanne tsada. Shi ma bai taɓa hawa ba, amma shi ma ya gada.

Ran hawa da la'asar muka hallara a wani fili kusa da bargar da aka yi hayar dawakin. An ba ango wani tsohon kili mai sanyin hali, irin wanda ko bindiga aka harba a kunnensa sai ya gama tauna harawarsa. Aka ba Alhaji wani ƙaton akawal mai sheƙi. Ni kuwa, saboda labarina ya riga ni zuwa, sai mai dawakin ya ce, "Malam, an ce kai gwani ne, shi ya sa na ajiye maka wannan. Yaro ne, bai daɗe da sanin sirdi ba. Ka ɗan gyara mana shi."

Na dubi dokin, dokin ya dube ni. Jiya-jiya ya fita daga dukushi, kunnuwansa na juyawa kamar mai neman tasha a rediyo, fatarsa na tsuma ko ƙuda ya sauka. Wanda ke riƙe da ragamarsa wani yaro ne da bai fi shekara goma sha huɗu ba, silifas ɗinsa ma ƙafa daban-daban.

Na tattara riga na nufi dokin ta dama. Yaron ya ce a hankali, "Baba, ta hagu ake hawa." Na ce na sani, duba majayi nake yi. Na zagaya ta bayansa. Yaron ya fizgo hannuna da sauri: "Baba, ba a bi ta gindin doki!" Na ce gwada shi nake yi.

Da ƙyar da taimakon mutum biyu da wani turmi na sami kaina a sama. Jama'a, ashe doki daga ƙasa ne yake gajere. Ina zama sai na hango rufin gidaje da tankunan ruwa, na ga ƙasa ta yi nisa kamar watan albashi. Ƙafafuna suka soma kaɗawa a cikin likkafa, ƙarfe na bugun ƙarfe, har mai kalangu ya waiwayo ya ga wa ke neman ƙwace masa sana'a.

Ga abin da takarduna biyu ba su hana ni yi ba. Matsoraci in ya hau doki abu biyu yake yi lokaci guda: ya matse cikin dokin da dugadugansa don kada ya faɗi, ya kuma ja linzami iya ƙarfinsa don kada dokin ya tafi. A yaren doki, matsi na nufin "tafi", ja kuma na nufin "tsaya". Linzamin namu na gargajiya kuwa mai zafi ne a baki. Tsohon doki ya saba da shirmen mutane, sai ya yi banza da kai. Yaron doki kuwa ɗaukar maganarka yake da muhimmanci. Na ce masa tafi, na ce masa tsaya, ya rasa ta yi. Ana cikin haka wani mai Keke Napep ya danna ham, iska kuma ta kwaso wata baƙar leda ta watsa masa a fuska. Gaba an hana shi, baya ba hanya, sai ya zaɓi sama.

Ya yi taɓarya, ƙafafun gaba a iska. Hulata ta yi nata wuri. Na saki komai na rungume wuyansa kamar na ga ɗan'uwan da ya dawo daga Makka. Addu'ar hawa da na haddace ta gudu, sai na ji bakina na karanta ta cin abinci. Abin da ya fi ba ni haushi, mata suka ɗauki guɗa, wani maroƙi ya taso da gudu yana ɗaga hannu: "Ashe da gaske ne! Barde ɗan barde! A sake, a sake!" Ni ina sallama da duniya, su suna neman ƙari.

Yaron nan ne ya kamo ragama, ya yi wa dokin magana ƙasa-ƙasa har ya sauko ya tsaya yana huci. Sannan ya matso daf da gwiwata yadda ba mai ji, ya ce, "Baba, tsakaninka da Allah, ka taɓa hawan doki?"

Na dubi surukaina, na dubi ƙasa, na ce, "Na kara."

Bai yi dariya ba, Allah Ya yi masa albarka. Cewa ya yi, "To sauko mu gyara sirdi," da ƙarfi don jama'a su ji. Muka koma bayan wata bishiyar darbejiya, a nan aka buɗe mini aji. Ya ce in tsaya ta wajen kafaɗarsa inda yake ganina, don doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, shi ya sa yake harbi kafin ya yi tambaya. Ya ce in miƙa masa bayan hannuna ya shinshina, in shafa wuyansa, in ja shi da ƙafa mu ɗan zagaya. Ya nuna mini kunnuwan: in sun miƙe gaba yana sauraro ne, in ya kwantar da su baya to a yi hattara. Sannan ya faɗi maganar da ban same ta a intanet ba: "Baba, shi ma tsoronka yake ji. Kai ka ga sabon doki, shi ya ga sabon mutum. In ka riƙe numfashi yana ji a bayansa, sai ya ɗauka akwai kura a kusa. Ɗayanku dai sai ya kwantar da hankali, kuma kai ne babba."

Na sake hawa, wannan karon ta hagu. Ya ce in saki jiki in zauna da nauyina, in sauke dugadugai ƙasa, in sassauta linzami, in daina kallon ƙasa in dubi inda za ni. Ya riƙe ragama yana gaba kamar zagi. Taku goma na farko ina jin zuciyata a maƙogwaro. A na hamsin na tuna ina da numfashi. Kafin mu kai bakin titi na ji bayana ya soma bin tafiyar dokin da kansa, kunnuwansa kuma sun daina neman tasha. Tun da na furta "na kara" rabin tsoron ya tafi, domin ashe rabinsa ba na faɗuwa ba ne, na tonon asiri ne.

Alhaji kuwa ya ce shi ba yaro ba ne da za a riƙe masa ragama. Da maroƙa suka zuga shi, sai ya zuba wa akawal kaimi. Iyakar abin da muka gani shi ne babbar riga ta cika da iska kamar tantin biki, rawani na warwarewa a baya yadi-yadi. Doki in ya rasa mai ba shi umarni gida yake nufa, don haka bai zame ko'ina ba sai barga, ya tsaya cak a turkensa, Alhaji kuma ya ƙarasa tafiyar shi kaɗai cikin tarin harawa. Da ya dawo a bayan ɗan acaɓa, da ganye a gemu, cewa ya yi ya je duba ko an ba sauran dawakin ruwa. Har yau a kasuwa yana ba da labarin sukuwar da ya yi, kuma kullum nisan na ƙaruwa. A ji na ƙarshe ya kai Kwangila.

Mun yi dariya don Allah Ya tsare. Amma kwalta ba filin sukuwa ba ce, kofato na zamewa a kanta, kuma yaran da ke bin hawa a guje ba su da sulke. Masu hawan da muke sha'awa a ƙofar fadar Zazzau ba ran Sallah suka fara ba. Tun suna ƙanana suke barga, suna kai dusa, suna kwashe kashi, suna faɗuwa suna tashi. Abin da suka gada ke nan, ba rawanin kaɗai ba.

Don haka ɗan'uwa, in an sa ka a jerin masu hawa, ka je barga kwana biyu kafin ranar, ka nemi yaron da ke ba dokin abinci, ka gaya masa gaskiya tun bai tambaye ka ba. Ka roƙi tsohon doki, ka yarda a riƙe maka ragama, hoton duk ɗaya ne. In kuwa abin ya faskara, ka bi su a Keke Napep kana ɗaga hannu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.