A-kori-kurar lantarki: amsa ga masu dariya na Bodinga da Shagari

Tun ranar da na ce akwai a-kori-kura mai cin wutar lantarki, babu tankin mai babu salansa, ban huta ba. Wani Alhaji daga Bodinga ya aiko a ce mini in rage shayin dare, mafarkina ya fara yawa. Wani malamin makaranta daga Shagari kuma ya tambaya, da ladabin da ya fi zagi ciwo: "Malam, halan da fitilar ƙwai za mu yi mata caji?"

Na gode, Alhaji. Na gode, Malam. Sai dai kun yi dariya a inda ba nan abin dariyar yake ba.

Maganar wuta ku bar ta. A shekarar 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, nan Sakkwato, a bakin ƙofarku. Wanda ya kawo ta ɗan gida ne, Jelani Aliyu, wanda ya zana Chevrolet Volt a Amurka kafin ya zo ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC. Rana kuwa, wa zai koya wa Basakkwace ita a watan Afrilu? Da a buhu ake sayar da ita, da mun daina noman albasa.

Abin da zai tsayar da wannan mota takarda ce, kuma tun ba ta taɓa ƙasa ba za ta fara tsayar da ita.

Mu ɗauki wadda kuke gani a waya, Cybertruck ta kamfanin Tesla, mai kama da randar ƙarfe da aka sassaƙa da gatari. A ƙarshen Nuwamban 2023 aka fara miƙa ta ga masu saye a Texas. A Janairun 2025 'yan sandan Manchester suka tare wata a kan titi suka kwashe ta, don ba ta da shaidar cika ƙa'idar hanyoyin Ingila. Mai ita yana da kuɗi, kuma Ingila ba ta rasa wuta ba, Malam. Turawa dai ba sa son mota mai kaifin kusurwa da jikin da ba ya lotsawa, saboda mai tafiya a ƙafa. Ni da nake ganin yadda awaki ke tsallaka titi a Sifawa ba sallama, ban ga laifinsu ba.

To, Alhaji na Bodinga, na san abin da ke ranka. Za ka ce kana da yaro a Kwatano, ya biyo da ita ta Ƙonni, ta shigo ta Illela da asuba. Allah ya huci zuciyarka. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota ta iyakar tudu, sabuwa ko tsohuwa. Sai ta ruwa, ta Apapa ko Tin Can. Kuma wannan ba Golf ba ce da za ta saje da 'yan uwanta a tasha. Mota ce da ko makaho ya shafa zai ba da labari. Jami'in kwastan da ke gyangyaɗi a shinge ma sai ya farka ya ɗauki hoto da ita, sannan ya nemi takarda.

Takardun kuma jerin gwano suke. Ka buɗe Form M a banki kafin a ɗora ta a jirgi. Ka nemi shaidar inganci ta hukumar SON. Kwastan su fitar da takardar PAAR, su duba lambar jikin motar mai harafi da lamba 17 su yanke mata kuɗin fito. Da aka fara wannan tsarin ƙiyasi da lambar jiki a 2022, sai da masu fiton motoci na Legas suka tafi yajin aiki. Akwai sassauci ɗaya, kada ku ce na ɓoye: a Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cire harajin VAT daga motocin lantarki. An ɗauke maka gammo, kayan na nan.

Wuri ɗaya ne muka fi Ingila sa'a. Tun Afrilun 1972 muka koma bin hannun dama, don haka sitiyarin hagu muke so, kuma haka 'yar Amurka take. Amma wanda ya yi wayo ya sayo mai sitiyarin dama daga Ingila ko Japan, ya sayi rumbun ajiye gero mai tayoyi huɗu.

Ka fito da ita daga tashar ruwa, sai ka tuna Sakkwato na da nisan kusan kilomita 1,000, ita kuma ko a bakin masu ita caji ɗaya bai wuce kamar 500 ba. Haka za ta shigo Shagari kamar amarya, a bayan tirela mai shan gas tana tuttula hayaƙi. Nan kam, Malam, na ba ka izini ka yi dariya har ka riƙe ciki.

Saura lamba, da takardar lafiyar mota daga wajen VIO, da inshorar da ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, da izinin 'yan sanda in gilashinta mai duhu ne. Ina tausayin jami'in da zai ce a buɗe masa inji ya duba, a ɗaga gaban mota ya tarar da wurin ajiye kaya. Ina kuma tausayin bakaniken da za a kai wa ita ya nemi fulogi.

Duk da haka ban janye ba. Motar tana nan, dokarmu ba ta haramta ta ba, kuma wanda ya bi layin takardun nan har ƙarshe zai iya loda mata buhunan albasa daga Bodinga zuwa kasuwar Sakkwato ba tare da ya leƙa gidan mai ba.

Alhaji, tunda kai ne mai kuɗin, ka buɗe Form M ɗin. Malam na Shagari ya riƙe mana fayil, ya iya karatun ƙananan rubutu. Ni tuƙi kawai zan yi, kuma lasisina bai ƙare ba.